Biyayya ko Halacci? Nazarin Jigo da Zubi a Fim ɗin Hachi: A Dog's Tale

1.0 Gabatarwa

Labarin dabbar da ta riƙe zumunci bayan mutuwa ko tafiya ta raba ta da ubangidanta tsohon labari ne a adabin al'ummomi da dama. Girkawan dauri sun ba da labarin Argos, karen Odisiyus, wanda ya gane ubangidansa bayan rabuwar shekara 20, sa'an nan ya faɗi ya mutu. A Bagadaza, Ibn al-Marzuban, wanda ya rasu a shekarar 921, ya wallafa littafi sukutum a kan fifikon karnuka bisa da yawa daga cikin masu sa tufafi. A birnin Edinbara kuma akwai labarin wani kare, Bobby, da aka ce ya yi shekara 14 yana gadin kabarin ubangidansa har ya mutu a 1872, kuma kamfanin Disney ya mai da labarin fim a 1961. Duk waɗannan labarai manufarsu ɗaya ce, watau a kunyata ɗan Adam da halin dabba.

Fim ɗin Hachi: A Dog's Tale, wanda Lasse Hallström ɗan ƙasar Suwidin ya ba da umarninsa a 2009, yana cikin wannan jeri. An shirya shi ne domin iyali, iyaye da yara su zauna tare su kalla, kuma ya yi suna wajen sa manya zubar da hawaye. Sai dai hawayen mai kallo ba su isa zama hujjar ingancin aiki ba. Abin da wannan maƙala za ta yi shi ne ta bi asalin labarin a Japan, ta dubi yadda aka zuba shi a Amurka, sa'an nan ta auna jigonsa da ma'aunin kalmomi huɗu na Hausa: biyayya, sabo, halacci da amana. Dalilin yin haka kuwa shi ne, kalma ɗaya ce Turawa ke amfani da ita wajen yabon karen nan, alhali a ƙarƙashinta akwai halaye daban-daban waɗanda Hausa ta rarrabe, kuma darasin da yaro zai ɗauka daga fim ɗin ya dogara ga wanne daga cikinsu aka nuna masa.

2.0 Asalin Labarin

An haifi Haciko a watan Nuwamba na 1923 a kusa da garin Odate, lardin Akita, a arewacin Japan. Farkon 1924 aka kawo shi Tokiyo a jirgin ƙasa, aka ba Hidesaburo Ueno, shaihun malami a fannin aikin gona na Jami'ar Sarauta ta Tokiyo. Karen ya saba da tarbar malamin a tashar Shibuya. Ran 21 ga Mayu, 1925, jini ya zuba a ƙwaƙwalwar Ueno yana wurin aiki, ya rasu. Ke nan zaman da suka yi tare bai kai shekara ɗaya da rabi ba. Matar da Ueno yake zaune da ita, Yaeko, aurensu ba ya cikin rajistar hukuma, saboda haka ba ta gaji gidan ba, dole ta tashi. Karen ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ya dawo wurin tsohon mai lambun gidan, daga can kuma ya ci gaba da zuwa tashar har ranar 8 ga Maris, 1935, lokacin da aka tsinci gawarsa a wani titi na Shibuya.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na farko, a cikin shekara bakwai na farkon jiran, ba wanda ya ɗauki karen a bakin komai. Korarsa ake yi, yara da wasu masu sana'a a bakin tasha suna cin zalinsa. Al'amari bai sake ba sai ran 4 ga Oktoba, 1932, da jaridar Asahi ta buga labarinsa, ta hanyar Hirokichi Saito, wanda ya kafa ƙungiyar kare asalin karnukan Japan a 1928. Na biyu, shaharar ta zo ne a daidai lokacin da sojoji ke ƙara ƙarfi a siyasar ƙasar, shekara ɗaya bayan mamaye Mancuriya a 1931. A wannan shekarar ta 1931 ne kuma gwamnati ta sa karen Akita cikin abubuwan gado na ƙasa da doka ta kare. Laƙabin da aka ba Haciko, cuken, yana ɗauke da harafin nan na cu wanda ake rubuta biyayyar bara ga ubangidansa da ta talaka ga sarki da shi. A watan Afrilu na 1934 aka kafa masa mutum-mutumi na tagulla a bakin tashar, shi kansa yana wurin, kuma a tsakiyar shekarun 1930 labarinsa ya shiga littafin tarbiyya na 'yan aji biyu na firamare, a matsayin darasin kada a manta da alheri. Masanin tarihi Aaron Skabelund ya bi diddigin wannan al'amari a littafinsa Empire of Dogs na 2011. A 1944 aka cire mutum-mutumin domin a narkar da shi saboda bukatar yaƙi. Wanda ke tsaye a Shibuya, Takeshi Ando, ɗan maƙerin farko, shi ya ƙera shi a 1948.

Ashe tun kafin a kai ga majigi, labarin ya riga ya sha hannu. Karen yana yin abin da yake yi, mutane kuma suna ɗora masa ma'anar da zamaninsu ke bukata.

3.0 Zubi da Tsarin Fim ɗin

Fim na farko da ya yi fice a kan labarin shi ne Hachiko Monogatari na 1987, wanda Kaneto Shindo ya rubuta, Seijiro Koyama ya ba da umarni, Tatsuya Nakadai ya fito a matsayin malamin. A kansa Stephen P. Lindsey ya gina na 2009. An fara nuna na 2009 ɗin a gidajen silima na Japan ran 8 ga Agusta, watau takwas ga watan takwas, domin haci a Japananci takwas ke nan. A Amurka kuwa bai zaga gidajen silima ba, a faifai ya fito a 2010, kuma ta hanyar kallon gida ya yaɗu.

An ɗauke labarin daga Tokiyo aka kai shi wani ƙagaggen gari mai suna Bedridge, wanda aka ɗauki hotunan tasharsa a Woonsocket ta jihar Rhode Island. Wani yaro, Ronnie, shi ke buɗe labarin a gaban 'yan ajinsu, inda aka ce kowa ya faɗi gwarzonsa, shi kuma ya zaɓi karen kakansa. Daga nan sai a koma baya. An aiko da ɗan kwikwiyo daga wani gidan ibada a Japan, kejinsa ya faɗo a tasha, adireshin ya yage. Parker Wilson, malamin kiɗa, wanda Richard Gere ya fito a matsayinsa, ya tsince shi. Matarsa Cate, watau Joan Allen, ta ƙi amincewa da farko, daga baya ta sauko. Karen ya girma, ya riƙa raka Parker tasha da safe, ya koma ya tarbe shi da ƙarfe biyar na yamma. Wata rana Parker ya yanke jiki ya faɗi a gaban ɗalibansa. Cate ta sayar da gida ta bar garin, 'yarsu Andy ta ɗauki karen, amma ya ƙi zama, ya koma tasha, ya yi wajen shekara goma yana jira har ya mutu cikin dusar ƙanƙara.

Zubin ya kasu gida biyu, mutuwar Parker ce kan iyaka. Kashi na farko cike yake da ƙananan abubuwan ban dariya na zaman gida: malami da kwikwiyo suna cin gugguru a gaban talabijin, kare yana haƙa rami a ƙarƙashin shinge, malami ya durƙusa ya ɗauki ƙwallo da baki domin ya koya wa kare. Kashi na biyu kusan babu abin da ke faruwa a cikinsa. A nan ne gwanintar Hallström ta fito. Bisa al'adar fina-finan iyali, in an kashe babban tauraro a tsakiya, akan cike gurbinsa da mugu, ko tsere, ko wani haɗari da za a kuɓuta daga gare shi. Hallström bai kawo ko ɗaya ba. Ya tsaya a kan wuri ɗaya, da sa'a ɗaya, da ƙofa ɗaya. Ƙofar tasha ta buɗe, mutane su fito, ta rufe. Bishiyar da ke bayan karen ta yi ganye, ta kaɗe, ƙanƙara ta rufe ta, ta sake toho. Kiɗan fiyano na Jan Kaczmarek shi ma 'yan muryoyi kaɗan ne ake ta juyawa. Maimaicin da a kashi na farko ya gina sabo, shi ne a kashi na biyu ya zama azaba, domin mai kallo ya riga ya san abin da ya kamata ya fito ta ƙofar nan. Watau an koya wa mai kallo jira kamar yadda aka koya wa karen, sa'an nan aka bar su tare.

Wata dabara kuma ita ce nuna duniya ta idon kare. Lokaci lokaci akan sauke na'urar ɗaukar hoto ƙasa, a dusashe launi, a ga ƙafafun mutane da fuskokinsu daga ƙasa. Amfanin wannan shi ne ya shigar da mai kallo cikin halin dabbar ba tare da an sa mata magana a baki ba. Hallström da kansa ya bi ɗaya hanyar a A Dog's Purpose na 2017, inda kare ke ba da labari da muryar mutum, kuma kwatanta su biyun ya isa ya nuna cewa shirun Haci ya fi ƙarfi. Kare mai magana mutum ne a cikin fatar kare, shi kuwa wanda ba ya magana yana tilasta wa mai kallo ya tambayi kansa abin da ke ransa.

4.0 Jigo: Kalmomi Huɗu

Biyayya daga bi take. Tana bukatar na sama mai umarni da na ƙasa mai cikawa. Ita ce ma'anar da Japan ta shekarun 1930 ta ɗora wa Haciko, kuma ita ce fim ɗin 2009 ya yi ƙoƙarin kakkaɓewa, ta hanyar ƙwallo. Duk yadda Parker ya yi, Haci ya ƙi ɗauko ƙwallon da aka jefa. Abokin Parker, Ken, malami ɗan asalin Japan, ya bayyana masa cewa karen Akita ba ya yin abu domin kawai ya faranta wa mutum, in ya ɗauko ƙwallo to akwai dalili na musamman. Haka kuma ba Parker ne ya koya masa rakiya ba, hasali ma korarsa gida yake yi, karen ne ya nace. Da wannan fim ɗin ya kafa hujjarsa: karen da ya ƙi umarnin ubangidansa yana raye, ba umarni ne ya zaunar da shi a tasha bayan ya mutu ba. Wannan gyara ne mai ma'ana, domin ya raba labarin da darasin miƙa wuya ga na sama wanda aka taɓa cusa wa yaran Japan da shi.

Sabo kuwa shi ne hujjar masu shakka. Bahaushe ya ce sabo turken wawa, watau abin da ke ɗaure mai rai a wuri ɗaya ba tare da tunani ba. An daɗe ana cewa abin da ke kai Haciko Shibuya bai wuce al'ada da kwaɗayin tsiren kaza da masu rumfuna ke ba shi ba, kuma da aka feɗe gawarsa an sami tsinken tsire a cikinsa. Binciken da masana na Jami'ar Tokiyo suka sake yi a kan kayan cikinsa a 2011 ya nuna ciwon daji da tsutsar zuciya ne suka kashe shi, tsinkayen ba su huda masa ciki ba. Amma ko ba wannan, hujjar kwaɗayi tana da rauni, tun da karen ya yi shekaru yana zuwa a lokacin da duka ya fi tsire yawa. Fim ɗin ya amsa wannan zargi a cikin hikima. Ya bar Jasjeet, mai sayar da kofi da burodi a bakin tasha, yana ciyar da karen, amma ya nuna cewa a gidan Andy akwai abinci da ɗumi da kulawa fiye da na tasha, kuma karen ya bar su.

Saura halacci, watau tuna alheri da riƙe shi, kishiyar butulci. Nan ne fim ɗin yake son ya sauka. Mutum ya tsinci maraya a tasha cikin sanyi ya rungume shi, marayan kuma ya mayar da rayuwarsa duka a wannan tashar. Tsarin ya yi daidai, tasha ce mafari, ita ce maƙura. Sai dai akwai wata matsala da fim ɗin ya jawo wa kansa. A safiyar ranar da Parker zai mutu, Haci ya yi ta haushi, ya ƙi rakiya, daga baya ya biyo shi da ƙwallo a baki, ya ɗauko a karo na farko, kamar mai neman ya hana shi tafiya. Parker ya faɗi a aji da ƙwallon nan a hannunsa. Wurin yana taɓa zuciya ƙwarai, amma yana rushe ginshiƙin kashi na biyu. Abin da ya sa jiran ya zama abin tausayi shi ne mai kallo ya san Parker ya mutu, karen bai sani ba. In har karen yana da basirar hango mutuwa kafin ta zo, yaya zai kasa gane ta bayan ta zo? In kuwa ya sani, to abin da yake yi a tasha makoki ne, ba sa rai ba, kuma ɗaga kan da yake yi duk sanda ƙofa ta buɗe ya rasa ma'ana. Ana iya kare fim ɗin da cewa rashin lafiya karen ya sansano, ba ajali ba. Amma maganar Ken ta riga ta shirya mai kallo ya ɗauki abin a matsayin wani sirri, kuma fim ɗin bai yi komai ba domin ya hana wannan fahimta. An sayi hawayen minti biyar da kuɗin daidaiton labari.

Shi kansa Ken abin dubawa ne. Aikinsa a labarin bai wuce fassara ba: shi ke karanta harafin da ke wuyan kwikwiyo, shi ke bayanin tsohuwar dangantakar Akita da mutane, shi ke zuwa ya yi wa karen magana da Japananci. In an haɗa shi da gidan ibadar da aka buɗe fim da shi, sai a ga Japan ɗin da aka nuna ƙasa ce ta tsohuwar hikima da asirai, ba Tokiyon 1925 mai jiragen lantarki da jami'a da jaridu ba. An cire tarihin da ya yi nauyi, an bar ƙamshinsa.

5.0 Amanar da Aka Manta

Kalma ta huɗu ita ce ta fi tona fim ɗin. Amana abu ne da aka damƙa wa wani, kuma nauyinta yana kan wanda ya karɓa. A wannan labari ba a ba kare amanar komai ba. Shi ne amanar, mamaci ya bar shi a hannun iyalinsa da mutanen garinsu. Tambayar da ta kamata ita ce, yaya suka riƙe ta?

Fim ɗin 1987 ya fuskanci wannan tambaya gaba da gaba. A cikinsa ana miƙa karen daga gida zuwa gida, kowa da uzurinsa, har ya zama na titi, ya rame, ya yi dauɗa. Shindo bai mai da kowa mugu ba, amma ya nuna yadda uzurori masu kyau, in sun taru, suke zama sakaci. Sabo da kaza, in ji masu iya magana, ba ya hana yanka ta. Mai kallon wannan fim yana fita da tausayin kare haɗe da kunyar mutane.

Na 2009 ya wanke kowa. Andy ta buɗe wa karen ƙofa da hannunta, tana kuka, ta sallame shi, kuma an tsara wurin yadda za a ga girmama ra'ayin dabba ne. Jasjeet yana ba shi abinci, mahauci yana ba shi, Carl ma'aikacin tasha yana lura da shi, ɗan jarida ya buga labarinsa, jama'a suka riƙa aiko da kuɗi. Ba mai jifa, ba mai kora. Amma abin da hoto ke nunawa shi ne kare yana kwana a ƙarƙashin tsohon tarago, hunturu bayan hunturu, a yankin da ƙanƙara ke rufe ƙasa, kuma a cikin mutanen kirkin nan duka ba wanda ya kafa masa ko 'yar rumfa a kusa da tasha. Fim ɗin yana bukatar karen ya wahala domin a ji tausayi, yana kuma bukatar mutane su zama nagari domin kada iyali su tashi da ɗaci, sai ya riƙe duka biyun ya ƙi haɗa su. A tarihi, doka ce ta gado ta fitar da Yaeko daga gida ta raba karen da gidansa, kuma sai da jarida ta yi magana mutane suka ga abin da ke gabansu shekara bakwai. Wannan darasi, cewa jama'a ba ta ganin mai wahala sai ya yi suna, ya fi dacewa da yara fiye da wanda aka ba su, kuma shi aka zubar.

Wuri ɗaya ne fim ɗin ya kusanci gaskiyar, kuma shi ne mafi kyawunsa. Bayan shekara goma Cate ta dawo ziyarar kabarin mijinta, ta hango tsohon kare a mazauninsa, gashi ya yi datti, tafiya ta yi nauyi. Joan Allen ta yi wasan da fuska fiye da baki: mamaki, sa'an nan kunya, sa'an nan baƙin cikin da ta zaci ta binne. Ta nemi izinin karen ta zauna su jira jirgi na gaba tare. A nan aka ajiye hanyoyi biyu na rashi kusa da juna. Ita ta yi kuka, ta dangana, ta ci gaba da rayuwa. Shi bai iya dangana ba, domin dangana sai da sanin cewa abin ya wuce. Fim ɗin bai ce ta yi laifi ba, bai kuma ce shi ya yi wauta ba, ya bar su a zaune. Da a nan aka tsaya, da aikin ya fi haka daraja.

Amma sai aka koma aji, Ronnie ya rufe da cewa karen ya koya masa kada mutum ya manta da wanda ya ƙaunata, 'yan aji suka yi tafi, aka ba shi nasa kwikwiyon. Watau darasin littafin tarbiyya da aka fitar ta ƙofa ya dawo ta taga, sai dai an sauya masa riga, an cire sarki an sa ƙauna. Kiran karen gwarzo yana ɗauke da haɗari, domin gwarzo abin koyi ne. Al'ummomi sun sa wa makoki iyaka saboda sun san rai ba ya ɗaukar jira marar ƙarshe. Takaba kanta wata huɗu da kwana goma ce. Yaron da ya rasa uba, in ya kalli wannan fim, bai kamata ya fita da tunanin cewa ci gaba da rayuwa butulci ne ba. Cate ce amsar wannan, amma muryar ƙarshe ba tata ba ce.

6.0 Kammalawa

An ga cewa Hachi: A Dog's Tale ya yi nasara a fuska biyu. Ya kuɓutar da labarin daga ma'anar biyayya ta hanyar nuna kare mai ra'ayin kansa, ya kuma yi ƙarfin halin gina rabin fim a kan maimaici da shiru, abin da ba kasafai ake samu a fina-finan iyali ba. Ya gaza a fuska uku: ya ba karen sanin gaibu wanda ya saɓa wa jiransa, ya mai da Japan ado, ya kuma kau da kai daga amanar da ke wuyan mutane.

Labarin bai daina sauya riga ba. A 2015, shekara 80 da mutuwar karen, sashen aikin gona na Jami'ar Tokiyo ya kafa sabon mutum-mutumi wanda ke nuna Haciko yana tsalle a jikin Ueno, watau haɗuwar da tarihi ya hana. A 2023 aka sake fim ɗin a ƙasar Sin, aka kai shi birnin Chongqing, aka sa karen gida na ƙauye a madadin Akita. Kowane zamani yana ɗaukar abin da yake so ya bar saura. Saboda haka malamin da zai yi amfani da fim ɗin 2009 a aji, zai fi amfanar ɗalibansa in ya haɗa shi da na 1987 da kuma tarihin Shibuya, sa'an nan ya nemi su faɗi kalmar Hausa da ta dace da halin karen, da wadda ta dace da halin Andy, da ta Cate, da ta mutanen tasha. Ta kare ba za ta yi wuyar samu ba. Muhawarar tana wajen sauran ukun.